Haɗa fayilolin 16-bit, 24-bit da 32-bit a waƙa ɗaya: tambayoyi da amsoshi

A yawancin situdiyoyinmu waƙa ɗaya daga wurare uku ko huɗu take taruwa. Kiɗan fiyano ya zo a filasha, muryar mawaƙi an ɗauke ta da saun kad (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta), kalangu an ɗauko shi da ƙaramin rikoda a wani gida, ga kuma 'yan ganguna da aka sauke daga intanet. Kowane fayil da irin nasa zurfin bit, kuma da zarar an ga lambobin sun sha bamban sai hankali ya tashi. Ga tambayoyin da masu haɗa sauti suka fi yi a kan wannan.

Mene ne zurfin bit? Shi ne "bit" ɗin da muke ce wa kiɗa?

A'a, suna ne kawai ya zo ɗaya a bakinmu. Kwamfuta tana auna ƙarfin sauti sau dubbai a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo da lamba. Zurfin bit shi ne yawan matakan da take da su na rubuta wannan lambar. Fayil ɗin 16-bit yana da matakai 65,536, daga -32,768 zuwa 32,767. Na 24-bit yana da 16,777,216.

Ka ɗauki tef ɗin tela guda biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya an tsaga inci-inci kawai, ɗayan kuma an raba kowane inci gida-gida. Duk awon da ya faɗa tsakanin layi biyu dole a tura shi zuwa layin da ya fi kusa, kuma wannan ɗan kuskuren shi ne kunne yake ji kamar siririn "shuu" can ƙasa. Kowane bit ɗaya yana danna wannan shuu ɗin ƙasa da kusan 6 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Shi ya sa 16-bit yake ba da rata ta kusan 96 dB tsakanin wannan shuu ɗin da sauti mafi ƙarfi, 24-bit kuma kusan 144 dB. Rufin duka biyun ɗaya ne, wato 0 dBFS, iyakar ƙarfin da fayil zai iya ɗauka. Saboda haka 24-bit bai fi ƙara ba, bai fi bes ba, bai fi kaifi ba. Daɓensa ne ya fi zurfi.

To zan iya jefa na 16 da na 24 cikin aiki ɗaya ba tare da na canza su ba?

Ƙwarai kuwa. Manhajojin haɗa sauti irin su FL Studio, Cubase, Ableton Live, Studio One, Reaper da Logic duk suna karɓa. Pro Tools ne a da yake tilasta wa kowane aiki zurfi ɗaya, yana canza fayil tun a bakin ƙofa, amma daga Pro Tools 10 da ya fito a 2011 shi ma ya daina.

Dalili shi ne manhajar ba ta yin lissafi da lambobin da ke cikin fayil ɗin yadda suke. Tana karanto su daga faifai, nan take ta mayar da su wani tsari mai faɗi da ake kira 32-bit fulot, wasu ma 64-bit fulot, sannan ta tura su kan miksa, inda ake haɗa layukan sauti. Kowace lamba ta 16-bit da ta 24-bit tana shiga 32-bit fulot daidai wa daida, ba a rasa ko ɗigo. Kafin su isa feda ta farko, wato maɓallin ɗaga sauti ko sauke shi, duk sun zama abu ɗaya. Fayil ɗin da ke kan faifai kuwa yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba.

In na mayar da fayil ɗin 16-bit ya koma 24-bit, zai ƙara kyau?

Ba zai ƙara ba. Mudu ɗaya na gero in ka juye shi a buhu, mudu ɗaya ne dai. Abin da canjin yake yi shi ne liƙa sifili takwas a ƙarshen kowace lamba. Shuu ɗin da ya shiga ranar da aka ɗauka yana nan, girman fayil ne kawai ya ƙaru da rabi.

Misalin da ya fi yawa a wurinmu shi ne fiyano. Rikodan da ke cikin Yamaha irin su PSR-S670 da PSR-S970 yana rubuta fayil ɗin WAV a filasha da 16-bit, 44.1 kHz (wato awo 44,100 a daƙiƙa), sitiriyo. Wannan fayil ɗin ka jefa shi yadda yake. Babu laifi a tare da shi, domin 16-bit da 44.1 kHz shi ne ma'aunin faifan CD tun 1982, kuma kiɗan da ya fito da ƙarfinsa a kai ba ya da abin kunya kusa da murya ta 24-bit.

Amma in asalin 16-bit ne, me ya sa ake cewa in fitar da shi a 24 bayan na yi masa aiki?

Saboda da zarar ka taɓa shi ya tashi daga 16-bit. Ka ce wani awo a fayil ɗin 12,345 ne, sai ka sauke feda har ta ninka shi da 0.7. Amsa ita ce 8,641.5, kuma 16-bit ba shi da gurbin wannan rabin. EQ mai gyara kaifi da kaurin sauti, kwamfuresa mai matse ƙarfinsa, ribab mai sa masa amsa-kuwwa, karkatar da sauti hagu ko dama, duk ninkawa da tarawa ne, duk suna haifar da irin waɗannan ɓurɓushin. Ko da layukan waƙarka ashirin duk 16-bit ne, abin da ke fitowa ta masta, wato layin da duk sauran suke taruwa a kansa, ya fi ƙarfin 16-bit. Matse shi ya koma 16 a tsakiyar aiki asara ce da ba ta da dalili.

Wannan zurfin bit da ake zaɓa a saitin aiki fa, me yake shafa?

Sababbin fayilolin da manhajar za ta rubuta kawai: muryar da za ka ɗauka yanzu, da duk guntun da ka sa ta dunƙule ta mayar fayil. Ba ya canza tsofaffin fayiloli, ba ya canza yadda miksa ke lissafi. A Cubase yana cikin Project Setup, a FL Studio yana cikin menu na miksa a ƙarƙashin Disk recording. Ka bar shi a 24-bit ko 32-bit fulot. Haɗarin barin shi a 16 shi ne duk lokacin da ka gyara kiy ɗin murya ka dunƙule, ka sake share hayaniya ka dunƙule, kowane zagaye yana sake datse lambobin.

Na sa fayil a aiki sai murya ta koma siririya tana gudu. Bambancin bit ne?

Ba shi ba ne, kuma nan ne mutane suka fi ɗora wa zurfin bit laifin da ba nasa ba. Wannan matsalar yawan awo a daƙiƙa ce, wato 44.1 kHz da 48 kHz. In aka karanta fayil ɗin 44.1 da saurin 48, zai yi gudu da kusan kashi 8.8 cikin ɗari, kuma kiy ɗinsa zai hau da kusan maɓallin fiyano ɗaya da rabi, in ka ƙirga har da baƙaƙe. Waƙar minti 4 za ta ƙare a minti 3 da daƙiƙa 40, tempo 100 ya koma kusan 109. In aka juya kuma, na 48 a cikin 44.1, murya za ta yi kauri ta ja ƙafa, minti 4 ya kai minti 4 da daƙiƙa 21.

FL Studio, Ableton da Reaper suna daidaita wannan da kansu yayin da ake sauraro. Cubase kuwa yana tambayarka lokacin shigo da fayil, in ka tsallake akwatin canzawa zuwa saitin aikin, zai buga shi da saurin da ba nasa ba. Ƙa'idar a taƙaice: bambancin kHz a canza shi, bambancin bit a ƙyale shi. In waƙar ta fim ce, ka fara aikin a 48 kHz tun farko, domin shi ne ma'aunin bidiyo, sai ka canza na fiyano kaɗai. Wannan canjin shi ma lissafi ne, don haka sabon fayil ɗin ya fita a 24 ko 32, kada ya koma 16.

Mece ce dita, kuma yaushe ake sa ta?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, domin hawa daga ƙaramin zurfi zuwa babba ba ya cin komai, saukowa ce take da kuɗin fito.

In ka fitar da waƙa daga 32-bit fulot zuwa 16-bit ba tare da wani tanadi ba, manhajar tana datse wutsiyar kowace lamba ne kawai. A inda kiɗa ya cika ba za ka ji komai ba. Amma a inda sauti ya yi ƙasa sosai, kamar wutsiyar ribab bayan mawaƙi ya rufe baki, ko ƙarshen waƙa da ake janye sauti a hankali, sautin yana yawo ne tsakanin matakai biyu ko uku kacal. Kuskuren a nan ba ya zama shuu mai laushi, yana bin sautin ne sau da ƙafa, sai ka ji wani ƙaras-ƙaras kamar yashi a cikin lasifika, sannan sautin ya yanke ƙit maimakon ya narke.

Dita wata 'yar hayaniya ce da ake barbaɗawa da gangan kafin a datse, girmanta bai wuce mataki ɗaya ko biyu ba. Tana raba kuskuren da sautin, sai ƙaras-ƙaras ɗin ya koma shuu mai santsi wanda yake fiye da 90 dB ƙasa da rufi, wutsiyar ribab kuma ta ci gaba da narkewa a cikinsa har ta ɓace.

Ka gwada da kunnenka. Ɗauki bugu ɗaya na gurmi ko fiyano, sa masa ribab mai tsawo, fitar da shi sau biyu a 16-bit, ɗaya da dita ɗaya babu. Dawo da su, yanke daƙiƙu biyu na ƙarshen wutsiyar kaɗai, ɗaga su da 50 dB, ka saurara a hedifon. Ka tabbata ka goge sauran fayil ɗin kafin ka danna, don bugun farko in ya fito da wannan ƙarin zai iya yi wa kunne illa.

Ana sa ta sau ɗaya, a matakin ƙarshe, bayan limita mai hana sauti wuce rufi, lokacin da ake sauka zuwa 16-bit. Bayanta kada wani abu ya taɓa sautin, ko feda. A FL Studio maɓallin Dithering yana cikin tagar fitar da waƙa. A Ableton akwai Triangular, Rectangular da POW-r guda uku, kuma Triangular shi ne wanda ba ya ba da matsala in akwai yiwuwar a sake taɓa fayil ɗin. A Cubase ba ta zuwa da kanta, sai ka ɗora fulogin (ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a kan layi) mai suna UV22HR, ko Lin One Dither a sababbin fitowa, a gurbin ƙarshe na masta wanda yake bayan feda.

In sauka zuwa 24-bit ne fa?

A lissafi ya dace a sa, kuma ba ta cutarwa. A kunne kuwa abin yana can wajen 140 dB ƙasa, inda hayaniyar na'urorin kansu ta binne shi tuntuni. In fitarwar 32-bit fulot ce, a kashe ta.

Fayil ɗin 16-bit da na shigo da shi, sai na sa masa dita kafin ya shiga?

A'a. Ba a rage masa komai ba, don haka babu abin da za a rufe. Abin da ya kamata ka duba shi ne limitocin da ke ɗauke da dita a cikinsu, kamar Waves L2 mai sashen IDR da kuma Ozone. Mutum yakan ɗora irinsu a kan ganguna ko murya, ya manta an saita su a 16-bit, sai ga layin yana datsewa a tsakiyar miksin, wani kwamfuresa a gaba kuma ya ɗago hayaniyar. A kan kowane layi da ba masta ba, kashe wannan sashen.

Muryar da aka aiko mini 16-bit ce kuma tana shuu sosai. Laifin 16-bit ne?

Sau da yawa ba shi ba ne. Fanka, janareto, wayar makirufo marar kyau, da firi'am (abin da ke ɗaga sautin makirufo) mai arha da aka murɗe har ƙarshe, kowannensu hayaniyarsa ta fi ta 16-bit nesa ba kusa ba. Ka saurari wurin da mawaƙin ya yi shiru: in akwai gurnani ko kaɗawar iska a ciki, daga ɗakin ne ko daga wuta.

Inda 16-bit yake da hannu shi ne in an ɗauka ƙasa ainun. Muryar da ƙololuwarta ba ta wuce -36 dBFS ba ta bar bit shida a banza, da goma kacal ta yi aiki, wato rata ta 60 dB. In ka ɗaga ta da 30 dB sannan ka matse ta da kwamfuresa, daɓen zai taso har a ji shi. Da a ce 24-bit ne, irin wannan ɗaukar za ta bar maka bit 18, kuma wannan shi ne ainihin amfanin ɗauka a 24: kana iya barin ƙololuwa a wajen -12 zuwa -10 dBFS, mawaƙi ya ɗaga murya yadda ya ga dama a amshi, ba fashewa a sama, ba shuu a ƙasa.

Sai dai ka san abin da saun kad ɗinka yake iya bayarwa. Behringer UM2, alal misali, 16-bit ne a ƙirarsa, in ka saita manhaja a 24 fayil ɗin zai rubuta 24 amma sifili ne a wutsiya. Focusrite Scarlett 24-bit ne. Ko manyan na'urori ma ratar da suke bayarwa a zahiri tana wajen 110 zuwa 120 dB, ba ta kai 144 ba.

An ce 32-bit fulot ba ya fashewa. To me ya sa waƙata ta fashe?

Maganar gaskiya ce amma da iyakarta. A tsarin fulot, bit 24 suna riƙe lambar, 8 kuma suna matsar da ita sama ko ƙasa, shi ya sa ratarsa ta haura 1,500 dB. Layi a cikin miksa zai iya yin ja har ya wuce 0 da 10 dB, in ka sauke masta sautin ya dawo lafiya lau.

Wurare uku ne wannan kariyar ba ta kaiwa. Na farko ƙofar fita: saun kad da fayilolin 16 da 24 duk suna da rufi a 0 dBFS, duk abin da ya wuce za a aske shi. Na biyu ƙofar shiga: in murya ta fashe a saun kad, ajiye ta a 32-bit ajiye fashewar ne kawai, ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Rikodoji irin su Zoom F3 da F6 sun bambanta domin suna da na'urar juya sauti guda biyu, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta sama, amma su ma in makirufon kansa ya ƙoshi da bugun kalangu, ba abin da za su iya. Na uku fulogin masu kwaikwayon tsofaffin na'urori, waɗanda da yawansu aka gina su su karɓi sauti a wajen -18 dBFS, in ka danna musu mai zafi za su gurɓata shi da gangan.

MP3 bit nawa ne? An turo mini kiɗa ta WhatsApp.

MP3 ba shi da tsayayyen zurfin bit. Lambar 128 ko 320 da kake gani yawan bayanan da ke wucewa ne a daƙiƙa, wani ma'auni ne daban. Manhaja za ta buɗe shi ya zauna da sauran fayiloli ba gardama, amma abin da aka zubar lokacin matse shi ya tafi, mayar da shi WAV 24-bit ba zai dawo da shi ba. Saƙon murya na WhatsApp ma matsattse ne, da wani tsari mai suna Opus. Ka nemi mai kiɗan ya turo WAV ɗin a matsayin dokumen, ko ya kawo a filasha. WAV 16-bit na asali ya fi MP3 ɗin da aka yi wa rigar 24-bit.

Zan tura layukan waƙa ga wani ya yi miksin. A wane tsari?

24-bit, ko 32-bit fulot in manhajarsa tana karɓa, a kHz ɗin da aikin yake kai. Duk layukan su fara daga wuri guda, wato farkon waƙar, ko da wani shiru ne a farkonsa, a cire limitan masta, a bar wutsiyar ribab ta ƙare. In 24 ka zaɓa, duba kada wani layi ya taɓa 0. A FL Studio zaɓin Split mixer tracks yana fitar da su gaba ɗaya. Rubuta tempo da kHz a sunan folda. Ga mai mastarin, wato gyaran ƙarshe bayan miksin, ma haka, fayil ɗaya na sitiriyo, ba dita ta 16.

Girman fayil fa, ga tsadar data?

Minti ɗaya na sitiriyo a 44.1 kHz yana cin kusan 10.6 MB a 16-bit, 15.9 MB a 24-bit, 21.2 MB a 32-bit. Layuka 40 na mono masu minti 4 a 48 kHz sun kai kusan 1.4 GB a 24-bit, 1.8 GB a 32. In data ce matsala, kada ka sauko 16. Mayar da na 24 ɗin FLAC, wanda yake rage girma ba tare da zubar da komai ba, kuma ka fitar da layukan mono a mono, domin murya ɗaya a fayil ɗin sitiriyo ninki biyu ne na banza. Nauyin da kwamfuta ke ji yayin miksin kuwa daga fulogin yake zuwa, ba daga zurfin fayil ba.

Fulogin ɗina 32-bit ne, manhajata 64-bit. Yana da alaƙa da wannan?

Ko kusa. Wannan magana ce ta yadda aka gina manhajar da yawan RAM da take iya gani, inda ta 32-bit ba ta wuce 4 GB. Ba ya shafar ingancin sauti. Cubase ya daina karɓar fulogin 32-bit daga fitowa ta 9, Ableton daga Live 10, FL Studio kuwa yana da gadar da yake ɗaukarsu da ita.

Ta yaya zan gane fayil ɗin da aka ce 24-bit ne, da gaske 24 ne?

Abin da Windows ke nunawa girman mazubi ne, ba abin da ke ciki ba. Ɗora fulogin mai nuna bit, irin Bitter, a kan layin, feda a 0 dB, ba ɗagawa ba saukewa, ba wani fulogin a gabansa. In takwas na ƙasa ba sa motsi, 16 ne aka yi wa ciko. In kana da na asalin, jera su a layi biyu daidai kan juna, juya fes ɗin ɗaya, wato kife igiyar sautinsa sama ta koma ƙasa: in aka yi tsit gaba ɗaya, abu ɗaya ne.

A ƙarshe wane fayil zan fitar?

Fara da uwar waƙar, WAV 24-bit a kHz ɗin aikin, ka adana ta wuri biyu. Ita za ka ba kamfanin da ke ɗora waƙa a Spotify da Boomplay in yana karɓar 24, in kuma ya ce 16-bit 44.1 kHz, ka koma cikin aikin ka fitar da ita da dita. Bar ƙololuwar gaskiya a -1 dBTP, wato 1 dB ƙasa da rufi, domin matsewar da dandalin zai yi tana ɗan ɗaga ƙololuwa. Na CD 16-bit 44.1 kHz da dita. Na editan fim 24-bit 48 kHz. MP3 a yi shi kai tsaye daga aikin ko daga uwar, ba daga kwafin 16 ba. Fayil ɗin 32-bit fulot kuwa kada ya fita daga hannun masu aiki, domin wasu wayoyi, rediyon mota da tsofaffin na'urorin Pioneer CDJ ba sa buɗe shi, kuma bai kamata DJ ya gano haka a filin biki ba.